TAƘAITACCEN TARIHIN MARIGAYI ALHAJI MUHAMMADU ABUBAKAR RIMI (1940-2010)

Gabatarwa

Al'ada ce mai kyau idan jama'a suka taru domin wani aikin alheri su waiwayi mutanen ƙasarsu da suka riga mu gidan gaskiya, su ambaci abin da suka aikata, su yi musu addu'a. Saboda haka muka ga ya kyautu a keɓe waɗannan shafuffuka ga tarihin Marigayi Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, Gwamnan farar hula na farko a Jihar Kano. Ga mutanen Wudil shi ba baƙo ba ne. Ɗan maƙwabta ne, haifaffen ƙasar Sumaila, kuma a kan hanyar da ta ratso ƙasar nan tamu ne ya yi tafiyarsa ta ƙarshe. Dattawan da ke cikinmu sun gan shi, sun ji muryarsa; waɗansu sun bi shi, waɗansu sun yi adawa da shi. Samari kuwa galibi sunan kaɗai suka sani, a jikin kasuwa ko gidan talabijin. To, domin su musamman aka rubuta wannan. Za mu faɗi inda ya dace, mu kuma faɗi inda aka yi tuntuɓe, gama tarihin da aka ɓoye rabinsa ba ya amfanin na baya.

Asalinsa

An haifi Muhammadu Abubakar a cikin shekarar 1940 a ƙauyen Rimi, ƙasar Sumaila, kudu maso gabas da birnin Kano. Sunan ƙauyen ne ya bi shi, kamar yadda aka saba yi wa 'yan makaranta a wancan zamani, har ya zama da shi duniya ta san shi. Wanda ya san tarihi ya san Wudil da Sumaila Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ƙasar Jobawa ce, gidan da ke riƙe da sarautar Makaman Kano, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarki. Noman ɗaya ne, kiwon ɗaya ne, ana cin kasuwannin juna, auratayya kuwa ba ta yankewa.

Sa'ad da ya buɗe ido, Turawan Ingila ke mulkin ƙasa, amma ta hannun En'e suke gudanar da shi. Talakan ƙauye ba ya ganin Razdan ko Di'o sai nadiran. Waɗanda ya sani su ne mai unguwa, da dagaci, da hakimi, da alkali, da ɗan doka. Babbar ƙofar da hukuma ke shiga gidansa kuwa ita ce ta haraji da jangali. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri ba sai an ba shi labarin yadda magidanci ke kwana ido biyu idan lokacin biya ya gabato ba. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

Karatunsa da Aikinsa

Rimi bai bi miƙaƙƙiyar hanyar nan ta fita kwaleji a zarce jami'a ba. Da guntu-guntu ya tara iliminsa, yana aiki yana karatu. A farkon shekarun 1960 ya yi kwas na koyarwa a Makarantar Koyon Sha'anin Mulki da ke Zariya, sa'an nan ya koyar a makarantar horar da akawuna da ke Sakkwato. Ya zauna jarrabawar GCE ta Jami'ar Landan ya ci. A cikin 1972 ya sami difloma a kan harkokin ƙasashen duniya daga wata cibiyar nazari da ke Landan, daga bisani kuma ya sami digiri na biyu a wannan fanni daga Jami'ar Sussex ta Ingila. Ya riƙe muƙamin sakataren mulki a Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje ta Nijeriya da ke Ikko.

Abin lura a nan shi ne, mutumin da ya sha wuyar neman ilimi da girmansa yakan san darajarsa fiye da wanda aka ɗura masa tun yana ƙarami. Wannan ya bayyana a fili ranar da mulki ya zo hannunsa.

Shigarsa Siyasa

Tun yana saurayi zuciyarsa ta karkata ga siyasar 'yan sawaba. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, kuma ƙarƙashin jagorancin Malam Aminu Kano ta zama muryar talakawa masu kukan danniya, da aikin tilas, da nauyin haraji. Shiga irin wannan tafiya a ƙauye a lokacin ba wasa ba ne, domin da yawa sun sha ɗauri da bulala a kanta. A zaɓen tarayya na 1964 Rimi ya nemi kujerar Majalisar Wakilai yana ɗan shekara 24 kacal. Bai sami kujerar ba. Ba a daɗe ba soja suka karɓi mulki a watan Janairu na 1966, aka rufe jam'iyyu, ya koma ga aikinsa da karatunsa.

Bayan shekara goma sha ɗaya ya sake fitowa. Yana cikin wakilan Majalisar Tsara Tsarin Mulki wadda ta zauna a Ikko daga 1977 zuwa 1978, kuma a can ne manyan ƙasa suka fara shaida kaifin harshensa. Da aka ɗage takunkumin siyasa a watan Satumba na 1978, Malam Aminu Kano ya kafa jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi, Rimi kuwa yana cikin na gaba-gaba. A babban taronta na watan Disamba na wannan shekara aka zaɓe shi mataimakin sakatarenta na ƙasa.

Ba shi ne ɗan takarar Gwamna na farko da jam'iyyar ta tsayar a Kano ba. Injiniya Salihu Iliyasu aka fara tsayarwa, sai hukumar zaɓe ta FEDECO ta hana shi tsayawa, tuta ta faɗo hannun Rimi. Rabon kwaɗo dai ba ya hawa sama. A zaɓen 1979 PRP ta ci jihohi biyu, watau Kano da Kaduna, inda Alhaji Abdulkadir Balarabe Musa ya zama Gwamna. Ran 1 ga Oktoba, 1979, aka rantsar da Rimi yana da shekara 39. Kafin shi, tun daga kafa jihar a 1967, masu kaki ne suka riƙe ta: Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo, da Kanar Sani Bello, da Ishaya Shekari. A tuna kuma, Jihar Kano ta lokacin ta haɗa har da ƙasashen Haɗeja, da Gumel, da Kazaure, da Dutse, da sauran yankin da aka yanke a 1991 aka kira Jihar Jigawa.

Soke Haraji da Jangali

Aikin farko da ya yi, wanda kuma har gobe da shi ake tunawa da shi a karkara, shi ne soke haraji da jangali tun farkon hawansa. Takwaransa na Kaduna ma haka ya yi, domin alkawarin jam'iyya ne tun zamanin NEPU.

Domin samarin yau su fahimci girman wannan al'amari, ya kamata a bayyana yadda abin yake. Haraji kuɗi ne da ake ɗora wa kowane baligi namiji kowace shekara, ko damina ta yi albarka ko ba ta yi ba. Daga sama ake yanka wa gunduma abin da za ta kawo, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya raba wa masu unguwanni, mai unguwa kuma ya bi gida-gida. Lokacin karɓa yakan faɗo da kaka, sa'ad da hatsi ba shi da daraja a kasuwa. Sai magidanci ya sayar da abincin iyalinsa da araha ya biya, da bazara kuma ya koma ya saye shi da tsada, ko ya ci bashi da ruwa. Wani akuyar matarsa zai kai kasuwa, wani ya tafi cin rani ba don yana so ba. Wanda ya kasa biya kuwa, wulakanci a bainar jama'a shi ne mafi sauƙin abin da zai same shi. Ko da aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi a 1976, harajin bai tafi ba.

Jangali shi ne na shanu, ana ƙirga kai ana biya. Tsohon abu ne ƙwarai, domin tarihin Kano ya nuna Sarki Kutumbi, wanda ya yi mulki a ƙarni na 17, shi ya fara karɓarsa daga hannun Fulani. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya yarda da shi, ya lissafa shi cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su a littafinsa Kitabul Farƙi. Duk da haka bai mutu ba, Turawa suka zo suka same shi, suka tsara shi ya zama ɗaya daga manyan hanyoyin shigar kuɗi na baitulmali. Da damina, lokacin ƙirga, makiyaya sukan kora garke cikin daji su ɓoye, ko su ƙetare iyaka, masu ƙirga kuma su bi su. Abin da ke faruwa tsakanin mai ƙirga da mai shanu a dawa, inda babu shaida, kowa ya san shi. Mutumin Wudil, wanda ke ganin shanun da ke cika kara kowace Juma'a, ba ya bukatar dogon bayani a kan yawan gidajen da wannan doka ta shafa.

Ba kowa ne ya yi murna ba, kuma masu suka suna da tasu hujja. Sun ce ƙananan hukumomi sun rasa kuɗin shigarsu na kansu, sun koma jiran kason man fetur daga Gwamnatin Tarayya. Sun ce kundin haraji shi ne ke sa mai unguwa ya san kowane magidanci da kowane baƙo da ya sauka a unguwarsa, da aka daina rubuta shi sai wannan sani ya raunana. Waɗannan maganganu ne masu nauyi, har yau ana tattauna su. Amma ga manomin da ya ga kakar farko da rumbunsa ya kwana cike ba wanda ya buga masa ƙofa, babu wata muhawara. A ranar ya gane cewa ƙuri'ar da ya jefa tana iya sauke masa kayan da kakanninsa suka ɗauka suka mutu da shi a ka.

Ilimi da Wayar da Kai

Aiki na biyu shi ne ilimin manya. An yi Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa tun shekarun 1950, amma daga baya abin ya yi sanyi. A cikin 1980 gwamnatin Rimi ta kafa hukuma ta musamman mai zaman kanta domin ilimin manya, irinta ta farko a jihohin Nijeriya. Aka buɗe azuzuwa a birni da ƙauye, na maza da na mata, manomi da ɗan kasuwa da mai sana'a suka zauna da fensir bayan sun tashi daga aiki. Amfanin abin a bayyane yake: wanda ya iya karatu shi zai duba rasit da kansa, ya karanta wasiƙarsa ba tare da wani ya ji sirrinsa ba, ya san abin da ya sa wa hannu. Aikin ya yi armashi har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba hukumar lambar yabo a 1983.

Wanda ya koyi karatu kuwa yana bukatar abin karantawa. A 1980 aka kafa kamfanin jaridar Triumph, wanda ya riƙa buga jaridar Turanci, da Albishir cikin Hausar boko, da Alfijir cikin ajami. Wannan na ƙarshe hikima ce babba, domin dubban mutanen da ake kira jahilai a takardun gwamnati sun yi karatun allo, sun iya ajami sarai. Haka kuma aka kafa gidan talabijin na jiha, CTV 67, wanda bayan rasuwarsa aka sa masa sunansa.

A wajen noma, a zamaninsa aka kafa hukumar raya aikin gona da karkara ta KNARDA da kamfanin samar da kayan noma na KASCO. An ja wutar lantarki zuwa garuruwan karkara da dama, an ƙara yawan ƙananan hukumomi. Ya tara matasa masu ilimi a majalisarsa ta kwamishinoni, har da mace a cikinsu, abin da ba a saba gani ba a lokacin. A 1980 ya ba ma'aikata hutun ranar 1 ga Mayu, Gwamnatin Tarayya ta bi sahu a 1981. Saboda waɗannan sauye-sauye da kuma baiwar magana da Allah ya ba shi, magoya bayansa suka laƙaba masa Limamin Canji. Idan ya hau dandamali yakan daɗe yana magana, da Hausa ko da Turanci, ba mai motsawa.

Shekarun Jarrabawa

Amma mulkin nasa bai tafi lami lafiya ba. Fitinu uku suka auka masa a jere.

Ta farko ita ce ta Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, da ya kafa sansani da mabiyansa a unguwar 'Yan Awaki cikin Kano, suna ƙwace wuraren mutane suna tsorata maƙwabta. A ƙarshen watan Nuwamba na 1980 Gwamna ya rubuta masa takarda ya ba shi wa'adin ya tashi. Ran 18 ga Disamba faɗa ya ɓarke, ya fi ƙarfin 'yan sanda, sai da aka kawo soja kafin wutar ta mutu wajen ƙarshen watan. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu ya ƙidaya mutum fiye da 4,000 da suka hallaka.

Ta biyu ita ce rabuwar jam'iyya. Gwamnonin PRP biyu sun shiga zama da gwamnonin UPN da na GNPP, suna taron da aka riƙa kira na gwamnoni tara masu ra'ayin ci gaba, domin su haɗa ƙarfi su tunkari jam'iyyar NPN mai mulkin tarayya. Shugabannin PRP suka hana, gwamnonin suka ƙi bari. Daga nan gida ya tsage biyu tun 1980: 'yan Santsi, watau ɓangaren gwamnoni, da 'yan Taɓo, waɗanda suka tsaya tare da Malam Aminu Kano. Hukumar zaɓe ta ce ɓangaren Malam ne halattacciyar PRP. Wannan rabuwa ta shiga kowane gari da kowace unguwa, ta raba aboki da aboki, wa da ƙane. A Kaduna majalisar dokoki, wadda NPN ta rinjaya, ta tsige Balarabe Musa a watan Yuni na 1981. A Kano kuma majalisa ta tsige Mataimakin Gwamna, Alhaji Ibrahim Bibi Faruk, a wannan shekara, Alhaji Abdu Dawakin Tofa ya maye gurbinsa.

Ta uku ita ce ta fi ciwo. A 1981 gwamnati ta ƙirƙiro sababbin masarautu a cikin Jihar Kano, a Gaya, da Rano, da Ƙaraye, da Dutse, da Auyo. Sa'an nan ran 7 ga Yuli aka aika wa Mai Martaba Sarkin Kano, Alhaji Ado Bayero, takardar tuhuma, aka nemi ya ba da amsa cikin awa 48. Jama'a da yawa suka ɗauki wannan a matsayin cin fuska ga gadon Dabo da share fagen tuɓe Sarki. Ranar Juma'a 10 ga Yuli, 1981, cikin watan azumi, gari ya yamutse. Aka ƙone gine-ginen gwamnati, har da gidan rediyon jiha da ofishin Triumph. Aka kashe mai ba Gwamna shawara kan harkokin siyasa, Dakta Bala Muhammad, malamin Jami'ar Bayero, a cikin gidansa.

Ba aikin wannan ɗan littafi ba ne ya raba gardamar da ta gagari manya. Abin da za a iya faɗi shi ne, babu hujjar da ta halatta kisan rai da ƙone dukiyar jama'a. Haka kuma gyara, kome kyawunsa, yana son lallashi da sanin abin da zukatan mutane suka ɗaukaka. Saurin da ya taimaki Rimi ya soke haraji cikin kwana ɗaya, shi ne dai ya jefa shi cikin wannan rami. Sarki ya ci gaba da sarautarsa har Allah ya karɓi ransa a 2014. Maganar raba masarautar Kano kuwa ta sake tasowa a 2019 da kuma 2024, abin da ke nuna ba ƙaramin al'amari ya taɓa ba.

Saukarsa da Ɗaurinsa

Malam Aminu Kano ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, jam'iyyar da ya kafa tana rabe. Da zaɓe ya matso, Rimi ba shi da jam'iyya mai rajista da zai tsaya a cikinta, sai ya koma NPP ta Dakta Nnamdi Azikiwe. A nan ya yi abin da ba a cika gani ba a siyasar ƙasar nan. Tun da da tutar PRP aka zaɓe shi, da ya bar ta sai ya ajiye kujerar Gwamna a watan Mayu na 1983, Alhaji Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. Ya shiga zaɓe ba ya bisa mulki, kuma a watan Agusta ya sha kaye a hannun ɗan takarar PRP, Alhaji Sabo Bakin Zuwo. Sabuwar gwamnati ta rushe masarautun da ya kafa. Ita ma wata uku kaɗai ta yi, soja suka kifar da Jamhuriya ta Biyu ran 31 ga Disamba, 1983.

Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kama 'yan siyasa da yawa, Rimi yana cikinsu. Kotun soja ta musamman ta yanke masa hukuncin ɗauri a kan tuhumar da ta shafi kuɗi, kamar yadda aka yi wa tsofaffin gwamnoni da dama. A zamanin Janar Ibrahim Babangida aka sake duba shari'o'in, ya fito. Mutumin da jiya ake buga masa jiniya ya ɗanɗani zaman kurkuku. Haka duniya take, rawar 'yan mata.

Komawarsa Fage

Bai yi zuciya ya bar siyasa ba. Ya shiga jam'iyyar SDP, ya goyi bayan Cif M.K.O. Abiola a zaɓen 12 ga Yuni, 1993, wanda aka soke. Da Janar Sani Abacha ya karɓi mulki a watan Nuwamba na wannan shekara, Rimi ya karɓi muƙamin Ministan Sadarwa, ya riƙe har 1995. Da yawa daga masoyansa ba su ji daɗin wannan ba, suna ganin bai dace da mai irin tarihinsa ba. Amma da ta bayyana cewa Janar ɗin na shirin tuɓe kaki ya zarce, Rimi yana cikin 'yan siyasar Arewa 18 da suka sa hannu a takardar ƙin amincewa a 1998, ƙungiyar da ta faɗaɗa ta zama ta mutum 34 ƙarƙashin Dakta Alex Ekwueme. A lokacin, buɗe baki a kan wannan magana sayar da rai ne. Aka kama shi tare da abokin tafiyarsa Alhaji Sule Lamido, ba su fito ba sai bayan rasuwar Abacha a watan Yuni na 1998.

Daga wannan ƙungiya aka haifi jam'iyyar PDP, yana cikin waɗanda suka kafa ta. A zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo ya shugabanci hukumar kamfanin buga kuɗi na ƙasa. Ya nemi jam'iyyar ta tsayar da shi takarar Shugaban Ƙasa a watan Janairu na 2003, bai samu ba. A 2006 ya fita zuwa jam'iyyar AC, daga baya ya komo. Bai sake riƙe kujerar zaɓe ba bayan 1983, amma har ƙarshen ransa idan ya yi magana a rediyo sai an saurara.

Iyalinsa da Rasuwarsa

A cikin gidansa ma Allah ya jarrabe shi da abin da ya fi ɗauri zafi. A watan Janairu na 2006 aka kashe maiɗakinsa, Hajiya Sa'adatu, a gidansu da ke Kano. Gwamnatin jiha ta sa wa Kwalejin Ilimi ta Kumbotso sunanta domin tunawa da ita. Allah ya jiƙanta.

Shekara huɗu bayan haka, ranar Lahadi 4 ga Afrilu, 2010, yana komowa daga Jihar Bauci da dare, 'yan fashi suka tare motarsa a kan hanyar da ta biyo ta yankin nan namu. Ba su ji masa rauni ba, amma bayan an rabu sai jikinsa ya rikice. Aka garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a can rai ya yi halinsa, yana da shekara 70 a duniya. Dubi ikon Allah: a asibitin da ke ɗauke da sunan malamin da ya rene shi a siyasa, wanda suka saɓa da shi, a nan ya cika. Ya bar 'ya'ya da jikoki, da ɗimbin almajiran siyasa waɗanda daga cikinsu aka sami gwamnoni da ministoci. Babbar kasuwar Sabon Gari ta Kano tana ɗauke da sunansa.

Kammalawa

Idan aka auna rayuwar wannan bawan Allah, za a ga shekara uku da wata bakwai kaɗai ya yi a kujerar Gwamna. Masarautun da ya kafa an rushe su cikin 'yan watanni da saukarsa. Santsi da Taɓo sun zama labari, jam'iyyun da ya shiga ya fita waɗansunsu ko sunansu ba a ji yanzu. Abin da ya saura a bakin mutane shi ne abin da ya taɓa rayuwar mara ƙarfi: tsohon da ke tuna shekarar da aka daina bin sa haraji, da Bafulatanin da ya daina ɓoye shanunsa a dawa, da dattijuwar da ta fara rubuta sunanta da hannunta bayan ta yi jikoki. Wannan abin tunani ne ga duk wanda Allah ya ba wani iko ko wata wadata a cikinmu, ko mai unguwa ne, ko kansila, ko attajiri: kwanakin dama kaɗan ne, kuma abin da aka yi wa jama'a da su shi ke wanzuwa.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki ya jiƙan Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, ya karɓi kyawawan ayyukansa, ya yafe masa kurakuransa. Ya jiƙan Malam Aminu Kano, da Sarki Alhaji Ado Bayero, da Dakta Bala Muhammad, da dukan waɗanda suka rasa rayukansu a fitinun wancan zamani. Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu shugabanni masu tausayin talakawa, mu kuma idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.